Yadda Ake Koyon Zaman Lura Da Numfashi Irin Na Mabiya Buddha

Wani ɗan Siri Lanka da muka yi zaman ɗaki ɗaya lokacin ina karatu a Indiya, shi ya fara nuna mini wannan abu. Duk sanda na tashi alwalar Asuba sai in tarar da shi a kan bargo ninki huɗu, ƙafa a tanƙwashe, ido a rufe, ko motsi ba ya yi. Na ɗauka addu'a yake. Ranar da na tambaye shi, ya ce shi ba roƙon kowa yake yi ba, gadin numfashinsa yake. Na kwashe da dariya. Bai ji haushi ba, cewa ya yi in zauna in ƙirga numfashi goma kada hankalina ya je ko'ina. A na uku na tsinci kaina a Kantin Kwari ina cinikin shadda. Yau shekara tara ke nan ina wannan zama.

Masu fassara kan kira shi "zuzzurfan tunani", sunan kuwa yana ɓatar da mai koyo, domin ba tunani ake zurfafawa ba. A harshen Pali, wanda aka adana tsofaffin koyarwar Buddha da shi, ana ce wa aikin "bhavana", wato raya abu kamar yadda manomi ke raya gona. Hanyar da zan koya maka ita ce "anapanasati": "ana" shigar numfashi, "apana" fitarsa, "sati" kuma tunawa, wato hankali ya kasance a farke. Ana danganta ta ga Siddhartha Gautama, wato Buddha, wanda aka haifa a Lumbini ta ƙasar Nepal ta yanzu kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Mabiyansa sun ce a Bodh Gaya, cikin jihar Bihar ta Indiya, ya samu wayewarsa a gindin wata bishiya dangin cediya da durumi.

Ni Musulmi ne, gara in faɗa tun yanzu. Mabiya Buddha suna wannan zama ne da burin kaiwa ga abin da suke kira "nibbana", ƙarshen wahala da fita daga zagayen sake haihuwa. Wannan aƙidarsu ce, ni ban ɗauke ta ba, ban kuma taɓa rusunawa gaban mutum-mutumi ba. Horon hankalin kawai na ɗauka. Ba salla ba ne, ba zikiri ba ne, ba ya tsayawa a madadinsu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi malaminsa kafin ya fara. Sai dai ba zan ɗauko kayan mutane in kankare sunansu ba, shi ya sa duk inda dabara ta fito zan faɗi masu ita.

Kayan da za ka tanada

Matashi mai tauri. Wannan shi ne babban kayan aikin, kuma shi mutane suka fi rainawa. Filon kwanciya mai laushi ba ya yi, da ka hau ya lotse. A Japan suna ɗinka wani kewayayyen matashi da suke kira "zafu", yawanci da audugar rimi ake cusa shi, don haka in ka samu tsohon matashin rimi irin na ɗakin kakanni, ka dace. In babu, ninke bargo ko zannuwan gado biyu har tudunsu ya kai faɗin tafin hannu ko ya ɗan ɗara.

Tabarma ko kafet, don idon sawu da gwiwa kada su sha siminti. Ni ba na amfani da sallayata, na ware mata aikinta.

Abin auna lokaci. Waya ta isa, amma ka kashe data, ka zaɓi ƙararrawa mai taushi, ka kife ta inda sai ka tashi za ka iya ɗauka. Wayar da ke kusa da cinya sai an duba ta.

Tufafi sakakku. Ka sassauta mazagi ko bel, domin ciki na bukatar wurin motsi. Ke ma 'yar'uwa, a sassauta ɗaurin zani.

Wuri. Tsohuwar koyarwar ta ce a tafi daji, ko gindin bishiya, ko ɗakin da ba kowa. Mu dai lungun ɗaki ya wadatar. Lokacin damina ka shiga cikin gidan sauro ka zauna a kan tabarma, ko a kan katifa in tana da tauri, don sauro ɗaya tak ya isa ya rusa zaman mai koyo.

Ba ka bukatar turare, ko kyandir, ko kiɗa, ko manhajar biya. Duk wanda ya ce sai ka sayi wani abu, kasuwarsa yake ci.

Mataki na 1: Tsayar da lokaci

Ka zaɓi lokaci guda a rana ka riƙe shi. Bayan Asuba ya fi mini, kafin yara su tashi, kafin janareton maƙwabta ya fara. Wasu sun fi son tsakanin La'asar da Magariba. Kada ka zauna da ka gama cin tuwo, gyangyaɗi za ka yi.

Fara da minti 10. Na san za ka ce ya yi kaɗan. Na ga waɗanda suka fara da awa guda, kwana uku suka yi suka watsar, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Minti 10 kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi kaɗai. Kada kuma ka ajiye abin sai ranar da ranka ya ɓaci, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 2: Zama

Hau gaban matashin, ba tsakiyarsa ba, yadda ƙugu zai ɗan fi gwiwoyi tudu. Lanƙwaso ƙafa ɗaya ka kawo diddige kusa da jikinka, ka ajiye ɗayar a gabanta, duk biyun a ƙasa, babu wadda ta hau wata. Wannan shi ake kira zaman Bama, wato irin na mutanen ƙasar Myanmar ta yanzu, kuma shi ya fi sauƙi. Zaman da kake gani a hotuna, inda kowace ƙafa ke kan cinyar ɗaya, ka bar wa waɗanda suka tashi da shi tun suna yara. Na gwada tilasta wa kaina shi a shekarar farko, na yi mako biyu ina ɗingishi, ko sujada da ƙyar.

In gwiwa ɗaya ta ƙi taɓa ƙasa, cusa mata ɗan tsumma a ƙarƙashi. In zaman ƙasa ya gagara gaba ɗaya, ka durƙusa kamar mai zaman tahiya ka sa matashi tsakanin diddigenka. Mai ciwon gwiwa ko tsoho ya hau kujera mai tauri, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba tare da ya jingina ba. Babu wanda zamansa ya ragu don ya hau kujera.

Miƙe bayanka kamar an ɗaura zare a tsakiyar kanka ana ja sama a hankali, sannan ka saki kafaɗu su faɗo. Haɓa ta ɗan sunkuya. Hannuwa a kan cinya, ko ka ɗora na dama cikin na hagu. Rufe baki ba tare da ka cije haƙora ba. Ido kuwa, ko ka rufe, ko ka bar shi a ɗan buɗe yana kallon ƙasa taku biyu a gabanka, kamar yadda masu bin tafarkin Zen na Japan suke yi. Kurakurai biyu ne a nan: ƙamewa kamar soja a fareti, da lanƙwashewa kamar buhun da ba a cika ba.

Mataki na 3: Sauka

Kada ka faɗa wa numfashi kai tsaye. Ɗauki minti guda ka ji nauyin jikinka a kan matashi, ka ji inda ƙafa ta taɓa tabarma. Bi jikin daga goshi zuwa ƙasa, duk inda ka tarar a ɗaure, musamman tsakanin gira, muƙamuƙi da ciki, ka sake shi. Saurari abin da ke kewaye da kai, carar zakara, babur, mai tallan koko. Ba sai sun yi shiru ba. Ja dogon numfashi biyu ko uku, daga nan ka sakar masa mara.

Mataki na 4: Nemo inda numfashi ke taɓa ka

Wurare biyu ne aka fi amfani da su. Na farko bakin kafar hanci ko saman leɓe, inda iska ke gogawa in za ta shiga da in za ta fita. Lura da kyau za ka ji mai shiga ta ɗan fi sanyi, mai fita ta ɗan fi ɗumi. Na biyu ciki, yadda yake tasowa yana komawa. Wannan ita ce hanyar da Mahasi Sayadaw, wani babban malamin Bama da ya rasu a 1982, ya yaɗa, ɗalibansa kan ce a zuci "tashi, sauka". Gwada kowanne na kwana biyu ka zaɓi wanda ka fi ji, sannan ka zauna a kansa. Lokacin hunturu in mura ta toshe hanci, koma ciki, ba laifi.

Abu mafi wuya a nan shi ne ka kalli numfashi ba tare da ka tuƙa shi ba. Da ka sa masa ido sai ka ga ka fara ja da ƙarfi, ko kana daidaita shi. Kusan kowa haka yake farawa. Koyarwar ta asali ba ta ce a tsawaita shi ko a gajarta ba, cewa ta yi in ya yi tsawo ka san ya yi tsawo, in ya gajarta ka san ya gajarta. In ka ji jiri ko yatsu na tsatstsafa, alama ce kana jan iska fiye da kima. Dabarar da ta taimake ni ita ce in bari numfashi ya fita, sai in jira, in ga yaushe na gaba zai zo da kansa. Yana zuwa, bai taɓa fashi ba.

Kada kuma ka bi iskar har cikin ƙirji. Buddhaghosa, wani malami da ya yi rubutu a Anuradhapura ta Siri Lanka wajen ƙarni na 5 Miladiyya, ya kwatanta mai wannan zama da mai tsaron ƙofar gari. Ba ya bin baƙo cikin gari ya ga gidan da zai sauka, ba ya raka mai fita daji. Wanda ya iso bakin ƙofa shi yake dubawa. Duk wanda ya san aikin sarkin ƙofa a tsofaffin biranenmu ya gane zancen.

Mataki na 5: Ƙirga

Numfashi ya shiga ya fita, ka ce "ɗaya" a zuci. Na gaba "biyu". Haka har goma, sannan ka koma ɗaya. Shi dai Buddhaghosa ya ce kada ƙirgar ta gaza biyar, kada ta wuce goma: in ta gaza biyar hankali na takura kamar garken da aka cusa a ƙaramin shinge, in ta wuce goma sai ya bar numfashi ya koma bin lamba. Ya kuma ce a fara ƙirga irin ta mai awon hatsi. Ka tuna mai awo a kasuwa, ya juye mudu ya ce "ɗaya", yana cika na biyu yana tsince tsakuwa bakinsa na ta maimaita "ɗaya, ɗaya", ba zai ce "biyu" ba sai ya juye. Kai ma kada lamba ta riga numfashi. Sai ya gama fita ka ba shi lambarsa.

In ka manta inda kake, koma ɗaya. In ka farga kana "goma sha bakwai", bakinka na ƙirga hankalinka na wani gari, koma ɗaya. In kana shakka ko shida ne ko bakwai, koma ɗaya. Ba jarrabawa ba ce, babu mai ba ka maki don ka kai goma. Akwai ranakun da har yau ba na wuce huɗu.

Lambar ta zama can ƙasa-ƙasa, kamar raɗa, yawancin hankalin yana kan jin iskar. Bayan makonni, in ka ga kana zagaya goma sau da yawa ba ka ɓace ba, ajiye ƙirgar ka zauna da numfashin kawai. Ranar da kai ya yi zafi ka sake ɗauko ta. A dazukan Tailan almajiran malamai irin su Ajahn Chah kan maimaita "Bud" in iska ta shiga, "dho" in ta fita. Na ambata ne don za ka ci karo da shi, ni lamba nake amfani da ita, kuma tana yin aikin.

Mataki na 6: Idan hankali ya gudu

Zai gudu. A nan ne mafi yawan masu koyo ke yanke ƙauna, su ce "ni kaina ba ya yin shiru, abin ba nawa ba ne". Kan kowa ba ya yin shiru. Hayaniyar da ka ji a zaman farko dama tana nan shekara da shekaru, yau ne kawai ka zauna ka saurare ta.

Tsofaffin malaman sun kwatanta hankali da maraƙin da aka raba da uwarsa aka ɗaure a turke. Zai yi ta fizga, ya yi gabas ya yi yamma, igiya na dawo da shi, har ya gaji ya kwanta a gindin turken. Numfashi shi ne turken, lura ita ce igiyar. Makiyayi ba ya dukan maraƙi don ya fizga, ya san halinsa ke nan.

Ga yadda abin ke faruwa a zahiri. Kana "uku", sai ƙarar babur ta tuna maka bakanike, bakanike ya tuna maka kuɗin da ka ranta wa wani, sai ga ka kana shirya maganar da za ka faɗa masa, har ƙirjinka ya ɗau zafi. Can sai wani abu ya ce maka, af, ai zama nake. Wannan "af" ɗin ita ce "sati" da ake magana, ita muke nema. Da ta zo, abu uku za ka yi. Ka ba abin da ya ɗauke ka suna da kalma ɗaya a zuci: "tunani", ko "shiri", ko "fushi". Ka duba ko jikinka ya ɗaure, ka sake shi. Ka koma bakin hanci, ka ce "ɗaya".

Kada ka tsaya yi wa kanka faɗa, domin faɗan ma wani tunanin ne, kuma ya fi na farko cin lokaci. Kada kuma ka tsaya binciken yadda aka yi ka taso daga babur ka isa ga bashi. Wanda hankalinsa ya gudu sau hamsin ya dawo da shi sau hamsin, ya yi atisaye hamsin. Ni a wurina wannan ya fi amfana a kan wanda ya lumshe ido ya yi minti 10 cikin wani daɗi-daɗi mai kama da barci.

Wani lokaci abin da ke zuwa mai muhimmanci ne, kamar ka tuna ba ka biya kuɗin makarantar yaro ba. Da farko nakan ajiye takarda a gefe in rubuta kalma ɗaya in koma. Daga baya na daina, don na lura abin da ke da muhimmanci yana jira na har in tashi.

Mataki na 7: Baƙi biyar

Mabiya Buddha sun ƙirga abubuwa biyar da ke tare hanya: kwaɗayin abin jin daɗi, ƙiyayya ko jin haushi, kasala da barci, rashin sukuni da damuwa, sai shakka. Sanin sunansu na da amfani, domin in ka gane baƙo tun daga zaure ba ya shige maka har ɗaka.

Barci ne ya fi addabar masu zaman Asuba. An ruwaito cewa Moggallana, ɗaya daga manyan almajiran Buddha, ya sha fama da gyangyaɗi, kuma cikin magungunan da aka ba shi akwai jan kunnuwa, murza hannuwa da ƙafafu, wanke ido da ruwa, ɗaga kai a kalli taurari, da tashi a yi tafiya. In duk sun gaza, aka ce ya kwanta ya yi barcin. Na gwada su duka, buɗe ido da miƙe baya sun fi yi mini saurin aiki, in ya ƙi sai in ƙarasa zaman a tsaye. Wanda kuwa bai samu barcin kirki da dare ba, matsalarsa ba ta matashi ba ce, ya je ya kwanta.

Rashin sukuni kishiyar barci ne: jiki na son tashi, kana ji kamar ƙararrawar ta lalace. Kada ka duba wayar, ba ta lalace ba. Faɗaɗa lurarka ta game jiki duka, ko ka koma sauraren sauti na ɗan lokaci, sannan ka dawo. Akwai labarin wani almajiri mai suna Sona, wanda kafin ya shiga wannan hanya makaɗin wani abin kiɗa ne mai tsirkiya. Ya matsa wa kansa har ya kusa barin abin, sai Buddha ya tambaye shi ko tsirkiya na ba da sauti in an ɗaure ta tamau, ko in ta yi sako-sako. Duk mai gurmi ko garaya ya san amsar. In ka ji goshinka ya ɗaure, ka ja da yawa. In ka ji kana narkewa, ka saki da yawa.

Kwaɗayi da haushi maganinsu ɗaya a matakinka: bar labarin, nemo inda abin yake a jiki. Haushi yawanci zafi ne a ƙirji ko ɗaurewa a wuya. Kalle shi kamar yadda kake kallon numfashi, za ka ga yana ƙaruwa yana raguwa. Shakka kuwa ita ce muryar da ke cewa "wannan ɓata lokaci ne". Ka ce mata za ku yi maganar bayan kwana talatin.

Mataki na 8: Ciwo da ƙaiƙayi

Ƙaiƙayi malami ne na kyauta. In ya taso a kumatu, kada ka kai hannu nan take. Lura da shi na numfashi uku. Sau da yawa zai yi ƙarfi, ya canza wuri, ya ɓace. In ya ƙi, sosa, amma ka san kana sosawa.

Ciwo iri biyu ne. Gajiyar baya da nauyin cinya na rashin sabo ne, suna raguwa da makonni. Amma ciwo mai suka a cikin gwiwa, ko ƙafa ta sage har ka daina jin ta, wannan gyara zama ake yi, ba jurewa ba. In ƙafa ta sage, kada ka miƙe tsaye farat ɗaya, jira jini ya koma tukuna.

Mataki na 9: Rufewa

Ƙararrawa ta kaɗa, kada ka zabura. Mabiya Buddha da yawa kan rufe da abin da suke kira "metta", wato raya fatan alheri. Ana farawa da kai: "in zauna lafiya, in kuɓuta daga wahala." Sai wanda kake girmamawa, sai aboki, sai wanda ba ruwanka da shi, kamar mai sayar maka da ruwa, a ƙarshe wanda kuke da tsama. Malamansu sun yi gargaɗi kada mai koyo ya fara da maƙiyi, kada kuma ya ɗauki wanda yake sha'awa, domin fatan sai ya juye ya zama wani abu daban. Su ba roƙon kowa suke yi ba, zuciyar suke horarwa. Ni kuwa a bakina addu'a yake zama, "Allah Ya ba shi lafiya", kuma na bar shi a haka. Minti ɗaya ko biyu ya isa. Buɗe ido, motsa yatsu, miƙe ƙafa, tashi a hankali.

Mataki na 10: Idan zama ya gagara, yi tafiya

Nemi wuri mai tsawon taku goma zuwa goma sha biyar, tsakar gida ko baranda. Cire takalmi. Hannuwa a haɗe gaba ko baya, ido a ƙasa. Taka a hankali fiye da yadda ka saba, hankalinka a tafin ƙafa: "ɗagawa, kaiwa, ajiyewa". In ka kai ƙarshe tsaya, juya, dawo. A cibiyoyin Bama ana jera awa guda ta zama da awa guda ta tafiya. Ka gaya wa mutanen gida abin da kake yi tun da wuri. Ranar da mahaifiyata ta fara ganina ina wannan tafiya a tsakar gida, tsayawa ta yi da buta a hannu ta ce, "Kai, lafiya kuwa? Ko wani abu ka yar?"

Mataki na 11: Ƙari, da inda ya kamata a tsaya

Bayan mako biyu kana minti 10 ba fashi, koma 15. Bayan wata guda, 20. Mai aiki da iyali in ya tsaya a minti 20 zuwa 30 kullum ya yi ƙoƙari. Ranar da ka yi fashi kada ka ce za ka rama ninki biyu, ci gaba kawai.

Kada ka auna ci gaba da daɗin zama. Wata rana za ka ji jiki ya yi sakayau, ko ka ga haske-haske a ido, washegari ka zauna kana jiran ya dawo, ya ƙi. Bar shi. Ni inda na fara ganin canji a cunkoson mota ne: wani ya shigo mini ba sigina, na ji zafin ya taso daga ciki, na gan shi kafin ya iso bakina.

Gargaɗi mai nauyi: wanda ke fama da ciwon damuwa mai tsanani, ko ya taɓa samun taɓin hankali, ko ya ga tashin hankali irin na hari ko garkuwa har abin na dawo masa, kada ya rufe ido ya zauna shi kaɗai sai ya yi shawara da likita. Shiru na iya tono abin da aka binne. Ko kai mai lafiya, in ka ji tsoro ya lulluɓe ka ko ƙirji na bugawa, buɗe ido, kalli abubuwan ɗakin, taka ƙasa, ka bar zaman ranar. Gaskiya ne asibitoci a Turai da Amurka suna amfani da irin wannan horo, tun bayan shirin mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya fara a Jami'ar Massachusetts a 1979, amma a can akwai mai kula da kai, kuma ba a ce wa kowa ya ajiye maganinsa ba.

In abin ya kama ka, za ka ji labarin kwas na kwana goma na cibiyoyin S. N. Goenka, ɗan asalin Indiya haifaffen Bama, wanda ya fara koyarwa a Indiya a 1969, babbar cibiyarsu kuma tana Igatpuri a jihar Maharashtra. Ba a biyan kuɗi, gudummawar tsofaffin ɗalibai ke ɗaukar nauyi. Ana tashi ƙarfe 4 na asuba, a yi wajen awa goma ana zama a rana, a miƙa waya, a kame baki kwana tara. Cikin ƙa'idojinsu akwai cewa mai halarta ya dakatar da sauran ibadu, har da salla da azumi da jan carbi, tsawon kwanakin. Wannan ya sa ni ban je ba, ko da yake abokin ɗakina ya je sau biyu ya kuma yaba. Duk inda za ka je, nemi takardar ƙa'idojinsu ka karanta kafin ka sa hannu. Abin da nake yi a madadin haka shi ne in ware safiyar Asabar ɗaya a wata, in ba maiɗakina wayata, in jera zama minti 30 da tafiya minti 15 tun daga hantsi har a kira Azahar.